Zane a kan katin wasa: inda kauri ke ɓata aiki

Ni da yaran shagona biyu, a nan Ingila, sana'armu zane da hannu a kan katunan wasa. Ba kartar caca ba, katunan da ake tarawa ana gasa da su, irin Magic: The Gathering da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Amurka a 1993, da na Pokémon da suka biyo baya daga Japan a 1996. Mai kati zai aiko mana ta gidan waya, ya ce a mayar masa da shi wanda ba mai irinsa.

Aikin da aka fi kawo mana shi ne faɗaɗa hoto. Katin Magic faɗinsa milimita 63, tsawonsa 88, hoton kuma yana cikin ɗan akwati a sama. Sai mu ci gaba da zanen daga inda mai zanen asali ya tsaya, dutse ko gajimare ya malala har bakin kati. Haɗa launi ya saje da na bugun inji, nan ake gumi.

Amma ainihin gwanintar tana ga siranta fenti. Da wani irin fenti da ake kira akirilik muke aiki, a tsinka shi da ruwa har ya koma kamar koko, a shafa, a jira ya bushe, a sake. Mai gaggawa ya lafta sau ɗaya, kati ya yi tudu. In an sa shi a leda cikin sauran, yatsa zai gane shi, alƙalin gasa kuma ya hana wasa da shi, don ya zama kati mai alama. Haka in fenti ya rufe sunan katin. Shi ya sa tsinken sakace ba ya barin teburina, da shi nake kankare abin da ya hau kan rubutu. Duk da haka alƙali ke da ta cewa, kuma ina faɗa wa kowa tun kafin ya biya.

Akwai aikin da nake mayarwa. In kati tsoho ne mai tsada, ba na taɓa shi ko nawa za a ba ni. Masu tara kati yadda ya fito daga kamfani suke sonsa, ɗigon fenti ɗaya ya isa ya karya masa daraja. Sai in ce: yallaɓai, adana wannan, nemo sabon bugu mai araha mu zana maka.