Ƙasar da muka yi gini a kanta, wa ke kula da ita?

A kusan kowace sabuwar unguwa a Kano akwai kuɗin sintiri, akwai kuɗin taransifoma in ta ƙone, wasu har da kuɗin kwasar shara, kuma mutane na biya ko da gunaguni ne. Amma ban taɓa jin unguwar da ake karɓar kuɗin ƙasa ba, ina nufin ita ƙasar da gidajen ke zaune a kai, wadda in ta motsa ko ruwa ya cinye ta to ba gidan ba katangar ba taransifomar. Wannan abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Mu dai alhamdu lillahi ba mu da girgizar ƙasa irin ta wasu ƙasashe, ƙarƙashin Kano dutse ne tsohon gaske, sai marmara da jar ƙasa da yashi a samansa. Namu matsalar iri biyu ce kuma duk mun san su. Ta farko kududdufi. Waɗannan ramukan kakanninmu ne suka haƙa su suna ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama ma'ajiyar ruwan sama, duk ruwan da ya gangaro daga lunguna nan yake zuwa ya kwanta. Yanzu an cike da yawansu, wasu da ƙasa, mafi yawa da bola, an yanka fuloti an sayar. Ta biyu zaizayar ƙasa, wadda duk wanda ya taɓa leƙa wajen Bulbula da Gayawa ya ga yadda kwari ke cin unguwa, abin da ya fara da 'yar hanyar ruwa da yaro ke tsallakewa ya zama rami mai haɗiye gida. Ka ƙara da masu haƙar yashi a bakin rafi, ka ƙara da ruwan Agusta da ke sauka kamar da bakin ƙwarya.

Akwai wani dattijo maƙocin ɗan'uwana a wata sabuwar unguwa ta bayan gari, ya yi ritaya ya zuba duk giratutinsa a gida. Na shiga gaishe shi ya ja ni ɗakin da ke ƙuryar gidan ya nuna min tsagewar bango, ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace har ƙasa, ka sa yatsa biyu su shige. An lafta mata siminti, simintin ma ya tsage a daidai wurin. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, ya ce kafinta ya fere ta har ya gaji. Na ce Baba da aka haƙa fandesho me aka gani? Ya ce ɗana, fandesho ba a yi zurfi ba, sai da aka zo haƙa sokawe ne aka dinga fito da leda da tsofaffin takalma da wata baƙar ƙasa mai wari, lokacin an riga an yi rufi. Gidan da ke jikinsa ma haka, na bayansu ma haka, layin gaba ɗaya a kan tsohon kududdufi yake kuma wanda ya sayar musu bai faɗa ba. Kowa a layin yana fama shi kaɗai, wannan ya kira magini, wannan ya zuba tipa biyu ta burji a ƙofar gidansa ya ɗaga ta, ruwan da ya kora ya faɗa gidan maƙoci, a yi ta rigima har gaban mai unguwa.

To ashe akwai inda aka zauna aka yi wa irin wannan doka. A jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1979 majalisarsu ta yi dokar da ta ba masu gidaje damar kafa wata 'yar ƙaramar hukuma ta yankinsu kaɗai, aikinta guda ɗaya, kula da hatsarin da ke fitowa daga ƙasa, zaftarewa ko nutsewa ko zaizaya. A taƙaice suna ce mata GHAD. Abin da ya jawo ta shi ne wani gari a bakin teku kudu da Los Angeles mai suna Rancho Palos Verdes, inda gidaje ke kan gangaren da a ƙarƙashinsa akwai wani irin yumɓu da in ya sha ruwa yake yin santsi, sai ƙasar da ke samansa ta dinga zamewa zuwa teku da gidajen da komai. Tun 1956 wani ɓangare da ake kira Portuguese Bend ya fara tafiya ya lalata gidaje sama da ɗari. Da maƙotansu na Abalone Cove suka ga nasu wurin ya fara motsi, su ne suka fara kafa irin wannan hukuma a 1981, babban aikinsu kuwa rijiyoyi ne da ake zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da su don kar yumɓun ya jiƙe.

Yadda ake kafa ta ne ya fi ɗaukar hankalina. Ko dai masu aƙalla kashi 10 cikin ɗari na filayen yankin su sa hannu a takardar neman a kafa, ko kuma majalisar garin ta fara da kanta. Amma ba a sauraron kowa sai an kawo tsarin aiki a rubuce wanda masanin ƙasa da duwatsu mai lasisi ya shirya ya sa hannu, ya nuna ga hatsarin, ga inda ya fara ga inda ya tsaya, ga abin da za a yi. Sannan a kira taron jin ra'ayin jama'a a aika wa kowane mai fili sanarwa. In waɗanda suka mallaki fiye da rabin darajar kadarorin yankin suka ce ba su yarda ba, magana ta mutu. In an yarda sai a naɗa shugabanni, ko mutum biyar daga cikin masu filayen ko ita majalisar garin ta riƙe. Kuɗi kuma kowane gida ake ɗora wa kasonsa duk shekara ana karɓa tare da harajin gida, a yi aiki da wani a ajiye wani a asusu saboda ranar da babban abu zai faru. Iyakar hukumar ba ruwanta da iyakar unguwa, inda hatsarin ya bi nan take bi, sai dai ba ta raba fuloti ɗaya biyu.

Wani abu da suka koya daga baya shi ne ba sai ƙasa ta fara tafiya ba. A garuruwan da ke kewayen San Francisco, in kamfani zai gina rukunin gidaje a kan tudu ko gangare sau da yawa sharaɗin ba shi izini shi ne ya kafa wannan hukuma tun kafin ya sayar da gida ko ɗaya. Wanda ya zo saye ya san akwai kuɗin da zai dinga biya duk shekara, ya kuma san dalili. Aikin nasu ma yawanci ba wani mai ban mamaki ba ne, yashe magudanan ruwa kafin damina, duba bututun da ke tsotse ruwa daga gangare, auna ko ƙasa ta motsa, toshe ƙaramar zaizaya tun tana ƙarama. Kuma abin da ya sa suka damu haka shi ne inshorar gida ta yau da kullum a can ba ta biyan asarar zaftarewar ƙasa. Mu da ko inshorar ba mu da ita fa?

Ba zan ɓoye ba, abin ba ya maganin komai. Shi wancan garin da aka fara, bayan ruwan sama mai yawa da suka samu a 2023 da 2024 ƙasar ta ƙara gudu har a wasu wurare tana tafiyar kusan ƙafa guda a sati, aka yanke wa gidaje gas da wuta, wani shahararren coci na gilashi sai kwance shi aka yi aka adana, gwamnan jihar ya ayyana dokar ta-ɓaci a Satumbar 2024, daga baya aka ware dala miliyan 42 don sayen gidajen mutane su tashi. Wato in abu ya girma ya fi ƙarfin kuɗin unguwa dole sai gwamnati. Amma shekaru arba'in da wani abu da suka yi suna zuƙe ruwa suna zaune a gidajensu ba banza ba ne, kuma ranar da abin ya ɓaci suna da hukuma, suna da awo na shekaru a rubuce, suna da wanda zai yi magana da sunansu.

Na san abin da za a ce min, ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne babban kwari irin na Bulbula ba aikin karo-karo ba ne, shi ya sa aka kawo shirye-shiryen gyaran ƙasa da yaƙi da zaizaya irin su NEWMAP, wanda ya ƙare a 2022, da ACReSAL na Bankin Duniya, wanda na biyun dala miliyan 700 ne aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin arewa 19 da Abuja. Amma ku duba da kyau, irin wannan kuɗi yana zuwa ne bayan kwarin ya girma ya ci gidaje ya shiga labarai. Tsakanin ranar da 'yar hanyar ruwa ta fara cin gefen titi da ranar da ta zama kwari akwai damina da yawa, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba ta da mai ita. Buhunan yashi da tipar dutse da kwalbati ɗaya sun isa a farkon, amma wa zai saya, wa zai ce a yi, a filin wa za a bi da ruwan? Wannan giɓin nake magana a kai.

Abin da nake gani zai yiwu a nan iri biyu ne. Inda ba a riga an yanka ba, kamata ya yi duk mai babban fili da zai yanka fuloti ko kamfanin da zai yi rukunin gidaje, kafin hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta sa masa hannu ya kawo rahoton gwajin ƙasa, ya nuna inda kududdufi yake a da da abin da aka cike shi da shi, ya nuna hanyar ruwa tun daga inda ya shigo har inda zai fita ya bar masa wurinsa ba a yanka ba, sannan ya buɗe asusun unguwar da kuɗinsa kafin ya miƙa wa masu saye. Wannan sai da doka, kuma tunda dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, majalisar dokokin jiha ce za ta yi. Masana kuwa muna da su, akwai sashen ilimin ƙasa da duwatsu a BUK, akwai injiniyoyi masu rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, cike da gari. Wahalar tana wajen awon igiya, inda dillali da mai gona ke yanka fili ba tare da an je ofis ba, kuma yawancin sababbin unguwanninmu haka aka yi su. A nan dagaci da mai unguwa ne ke sa hannu a takardar ciniki, su ne kuma suka san tarihin wurin, sun san inda ruwa ke kwanciya tun suna yara. Da za su ƙi sa hannu sai an rubuta a takardar cewa wurin nan ciko ne, da an rage zalunci mai yawa.

Inda kuma an riga an gina, ba sai mun jira doka ba. Ƙungiyar ci gaban unguwa za ta iya yin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta buɗe asusu na daban wanda ba a taɓa shi don sintiri ko biki ko ta'aziyya, a ɗauko masani a biya shi ya zagaya ya rubuta mana ga inda matsalar take ga abin da za a fara. Wannan rubutun shi ne jigon abin, domin shi ke hana kowa ya ce a fara daga ƙofar gidansa. Aikin gayya da muke yi na yashe lambatu yana da kyau amma sai an ga hadari ake tunawa da shi, kuma ba ya bin wani tsari.

Maganar amana kuwa dole a yi ta a fili, don mutane sun sha ba da kuɗi ba su ga aiki ba. Sa hannun mutum uku a asusu, a manna takardar banki a allon masallaci duk wata, a tura hotonta a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, shugabanni su yi wa'adi su sauka. Sannan kuɗin a kan mai gida yake ba ɗan haya ba, har da masu filayen da suka saya suka kewaye suka tafi, domin su ma kadararsu ake karewa. Wanda ke kan tudu zai ce shi ruwa ba ya shiga gidansa, sai a nuna masa a rahoton cewa ruwan rufinsa da na tsakar gidansa da ya shafe da siminti shi ne ke gangarawa kan na ƙasa, ya biya ko da bai kai kason na kwari ba.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne irin layin su Baba, don ciko na bola yana ci gaba da ruɓewa yana zama shekara da shekaru, lambatu da kwalbati za su rage ruwan da ke shiga ƙarƙashi amma ba za su mayar da bola ta zama ƙasa ba. Wasu gidajen za a iya tallafe fandeshonsu, wasu kuwa masani zai ce a fitar da iyali daga wannan ɗakin kafin damina, kuma gara a ji wannan maganar a watan Maris daga bakin wanda ya auna, lokacin da akwai sauran damar neman inda za a koma.