Inda na kai a rezin: lissafin abin da mol zai ci

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon rezin (ruwan nan da ake haɗawa a zuba ya daskare kamar gilas), ya aiki ya haƙuri da tsadar kaya. Wannan satin ban zuba wani babban abu ba, zama na yi na auna duk mol ɗin da nake da su, wato mazubin da ke ba rezin siffa, don na lura abin da ya fi cinye mana jari shi ne awon ido. Mutum ya kalli mol ya ce ai rabin kofi zai isa, ya haɗa, ko dai ya gaza ya koma haɗa wani a gurguje kala ta bambanta, ko ya yi yawa ragowar ta daskare a kofi a zubar. Kuma kun sani rezin kwalba biyu yake zuwa, A shi ne rezin ɗin, B mai daskarar da shi, da zarar A ya shiga B shi ke nan, babu mayarwa kwalba.

Hanyar da na fi yarda da ita ruwa ne kawai. A ɗora mol a kan sikelin kicin na dijital, a danna ya koma sifili, a zuba ruwa har daidai inda ake so rezin ya tsaya, ba lallai sai ya cika baki ba. Giram ɗaya na ruwa mil (mililita) ɗaya ne, to abin da sikeli ya nuna shi ne cikin mol ɗin. Amma rezin ya ɗan fi ruwa nauyi, yawancin epoxy, wato irin rezin da muke aiki da shi, mil ɗaya kusan giram 1.1 ne, shi ya sa in ruwa ya nuna 200 rezin da za a auna 220 ne. Sai a ƙara kamar kashi 10 cikin ɗari saboda wanda zai maƙale a jikin kofi da sandar juyawa, wannan ba a taɓa kwashe shi duka ko me za a yi.

Dan Allah a bar mol ya bushe ƙayau kafin a zuba. Ɗigon ruwa ɗaya da ya ɓuya a lungu sai ya sa wurin ya yi fari-fari kamar hazo, kuma ba ya gyaruwa. Ni kifewa nake yi in bar shi ya kwana, kifewar ma tana hana ƙura shiga. Wasu shinkafa suke zubawa maimakon ruwa sannan su juye a kofin awo, yana yi, sai dai mil kawai za a karanta ba nauyi ba, kuma tana barin gari a jikin mol ɗin silikon, ni dai bai kwanta min ba.

In mol ɗin mai kusurwa huɗu ne ma ba sai an jiƙa shi ba, rula ta isa. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, abin da ya fito mil ne. Tiren da nake shirin yi 30 ne da 20, zurfi 1, wato mil 600, a sikeli giram 660, da ƙarin nan ya kama wajen 725. Mai zagaye kuma, irin na ɗora kofi, a auna faɗinsa a raba biyu, in 10 ne ya zama 5, sai 5 sau 5 sau 3.14 sau zurfi. Nawa zurfinsa 0.8 ne, ya ba da mil 63 kowanne, saitin guda huɗu 252, a giram kusan 277, sai in haɗa 300 in huta.

To ga inda nake so mu tsaya sosai, rabon A da B. Wannan 300 ɗin jimilla ce ta su biyun a haɗe. In rezin ɗin 2:1 ne a raba 300 gida uku, A ya ɗauki 200, B 100. In 3:1 ne gida huɗu, A 225, B 75. Ba wai a auna A 300 sannan a ɗora B a kai ba, nan ne ake tashi da rabin kofi na asara. Sannan a karanta jikin kwalba da kyau ko da kofi kamfanin ke nufi ko da sikeli, domin A ya fi B nauyi, 1:1 na kofi ba zai zama 1:1 a sikeli ba. In an ce awon mil ne a yi da kofin awo ko sirinji, in an ce nauyi ne a hau sikeli, kar a cakuɗa. Kuma wallahi ƙara B ba ya sa epoxy saurin bushewa, sai ma ya bar shi yana danƙo ko ya yi laushi yana lanƙwasa. Wanda ake ɗiga wa katalis (sinadarin daskararwa) kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari shi ne rezin ɗin poliyesta na masu aikin faibagilas, nasu daban namu daban.

Ƙananan mol irin na 'yan kunne da ki-holda masu harafi, sirinjin kemis ya fi daɗin aunawa. Na fi son in jera su da yawa in haɗa lokaci ɗaya, saboda a haɗin mil 10 kuskuren mil ɗaya ma ya isa ya ɓata rabon.

Abin da za a saka a ciki shi ma yana cin wuri. Duwatsu ko wuri na ado ko 'yan ƙwalaye na gilas, a jera su a mol ɗin tun kafin a danna sifili a zuba ruwan, sai lissafin ya fito daidai. Busasshen fure kar a jiƙa shi, bai ma cin wani wuri. Katako kuwa shan rezin yake yi yana kuma fitar da kumfa, a fara shafa masa siriri a bari ya kama.

Sanin jimilla ba yana nufin a haɗa duka a kofi ɗaya ba fa. Rezin yana ɗaukar zafi da kansa in yana daskarewa, yawansa kuma shi ke ƙara zafin, balle a watan Afrilu da garin ke haura digiri 40, sai kofi ya yi zafin da ba a iya riƙewa, ya daskare kafin a gama zubawa, wani har hayaƙi da tsagewa. Irin na shafe saman tebur yawanci ba a wuce milimita 6 a zubi ɗaya, na zurfi shi ke iya kai santimita 5 amma sai ya yi kwana biyu zuwa uku kafin a cire. Nawa na shafe ne, don haka tiren nan hawa biyu zan yi masa, wajen giram 360 kowanne, na ƙasa da kala na sama garau, kuma da asuba zan zuba kafin rana ta ɗaga, da safar hannu taga a buɗe.

Yanzu kowane mol na rubuta masa lambarsa da alƙalamin maka a baya, mil da giram, na kuma kwafe a littafi. Ranar Asabar in sha Allah zan zuba hawan farko na tiren, wanda ya riga ni gwada mai girman nan ya faɗa min nawa ya ci masa mu kwatanta.