Yatsun Kawu

Asabar, tsakiyar Oktoba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, barci ya ƙi zuwa.

Da safe lafiya lau na tashi, har da 'yar waƙata a banɗaki. Uwargida ta soya ƙosai, Auta ya ɓata rai don an hana shi bina. Sanyi ya fara shigowa, ganyayen unguwa duk sun yi ja sun yi rawaya. Saura wata guda cif a buɗe farautar barewa da bindiga, 15 ga Nuwamba. Ku da kuka daɗe kuna karanta ni kun san yadda mutanen jihar Mishigan ta Amurka suke ji da wannan rana, sai ka ce jajiberin sallah. Lasisina yana aljihu, riga da hula masu ruwan lemo da doka ta wajabta suna rataye tun makon jiya. Abin da ya rage shi ne alkawarin da Tsohon Soja, wani dattijon Bature, ya yi mini tun bara, cewa zai koya mini cika harsashi da hannuna.

Ƙarfe tara na ƙwanƙwasa masa. Muka gangara ɗakin ƙasa. Teburin nan nasa ko asibiti albarka: injin matsi na hannu, kore, ƙirar kamfanin RCBS, an ɗaure shi da kusoshi a bakin tebur, sikeli ɗan ƙarami mai hannu kamar na masu awon zinare, mazurari, ma'aunin tsawo, da littafin awon albarushi na kamfanin Lyman wanda bangonsa ya gaji da duniya. Ya ɗebo kwanso ashirin na harsashi samfurin .30-06, waɗanda muka harba muka tsince a filin gwaji watan jiya. Ya ce sifili da shidan nan na sunan 1906 ke nan, shekarar da sojan Amurka suka fara aiki da shi, har yau kuma ba a daina kashe barewa da shi ba. Ya faɗi haka yana shafa kwanson kamar jikansa.

Ashe harsashi abu huɗu ne kawai. Kwanson tagulla, ɗan maɓallin da ke gindinsa mai tayar da wuta (ni dai ƙyastu na sa masa suna), albarushi, sai kan da ke fita. Kwanson ya fi kowanne tsada, kuma shi kaɗai ke dawowa bayan harbi, shi ya sa ake tsince shi a sake cikawa. Sai dai duk harbi yana buɗewa ya ɗan ƙara tsawo, don haka sai an shafa masa mai, an matse shi ya koma girmansa, an auna, in ya wuce ƙa'ida a rage bakin. Biyu daga cikin ashirin ɗin ya jefa kwandon shara saboda tsaga a wuya, tsagar da sai da ya kai mini ƙarƙashin fitila na gan ta. Wannan ɓangaren ya yi mini daɗi ƙwarai. Aiki ne irin na sassaƙa, hannu yana yi, baki yana hira. Ya ba ni labarin 2020 da 2021 lokacin da ƙyastu ya ɓace a shaguna, mutane suna layi tun asuba kamar layin mai a gida. Na yi dariya har da ƙwalla.

Da muka zo kan albarushi sai hira ta mutu. Ya kashe rediyo. Ya ɗauko gwangwani ɗaya tak daga kabad ya rufe sauran, ya ce ba a taɓa ajiye iri biyu a kan tebur, domin na ƙaramar bindiga yana cin wuta da sauri, in ya shiga kwanson babba ta fashe a fuskar mai ita. Awon kuma da giren ake yi. Giren 7,000 ne laba ɗaya, wato giram ɗaya ya haura giren 15, sikelin nasa kuma yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. Ya buɗe littafi ya ɗora yatsa a kan mafi ƙarancin awon da aka rubuta, ya ce daga nan ɗan koyo yake farawa, kuma duk lambar da ba daga littafi ta fito ba, ko ubanka ne ya ba ka, ka yi masa godiya ka bar ta a nan.

Na fara awo. Ɗaya, biyu, uku, ina zubawa ina matsar da mazurari. Hannuna ya fara faɗawa, har ina jin kaina wani abu. Ina wajen na goma sha ɗaya ko sha biyu sai waya ta yi ƙara. Yaya ne daga gida. Kun san Yaya ba a ƙin ɗaukar wayarsa. Na ɗauka, muka gaisa, maganar kuɗin rufin ɗakin Inna ce, ba ta kai minti biyu ba na ce zan kira shi anjima. Na juyo zan ci gaba.

Tsohon Soja ya ce, "A na nawa ka tsaya?"

Na ce na sha biyu. Na sake duba tiren, na ce ko sha ɗaya.

Bai ce komai ba. Ya ɗauki kwanson nan ɗaya bayan ɗaya ya juye su cikin kasko, duka, har waɗanda na tabbatar na auna daidai yana tsaye yana kallona. Aikin kusan minti arba'in. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na ce masa ai da tocila za a haska a ga wanda babu komai a ciki, shi da kansa ya ce haka ake yi kafin a ɗora kan harsashi. Ya ce haka ne, tocila za ta nuna maka wanda ka tsallake, amma ba za ta nuna maka ko hannun rigarka ya taɓa sikeli lokacin da ka miƙa hannu ga waya ba. Ya ƙara da cewa wanda aka tsallake ma ba ƙaramin abu ba ne: ƙyastu kaɗai yana iya tura kan harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu, mutum ya ɗauka bai tashi ba ne, ya sake ɗanawa ya harba na biyu a kan na farko.

A nan ne bakina ya ja mini. Cikin raha, da ɗan haushi a ƙasa, na ce masa ni fa jikan mafarauta ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai da na yi fama kafin na fassara masa wannan. Na ce kawuna ya fi shekara talatin yana ɗura bindigar toka, a tafin hannu yake auna albarushi, ya danna tsumma, ya zuba dalma, ya sake danna tsumma, bai taɓa ganin sikeli ba, kuma gada da zomo ba su taɓa yankewa a tukunyarmu ba.

Ya saurare ni har na gama, yana gyara gilashinsa. Ya ce wancan baƙin albarushi ne, na gawayi da ƙibiritu, yana da haƙuri, shi ya sa har a nan da cokalin awo ake ɗibarsa. Wannan na zamani marar hayaƙi ba ya yafiya. Sannan ya tambaye ni, ba da gatse ba, kamar mai tambayar lafiyar gida: "Yatsunsa nawa?"

Na buɗe baki na rufe.

Takwas ne. Yatsun Kawu takwas ne. Tun ina yaro haka na san shi, kuma ban taɓa haɗa abin da bindigar ba a raina, wallahi ban taɓa ba. Haka hannunsa yake, kamar yadda wani yake da wushirya. Da shi yake ɓare mana gyaɗa, da shi yake ja mini kunne. A gida in an zo maganar sai a ce "tsautsayin nan na Kawu," a wuce. Wasu su ce sammu ne, wai abokin farautarsa ya yi masa saboda wata mata. Yau a ɗakin ƙasan wani Bature ɗan shekara saba'in da wani abu na fahimci cewa mai yiwuwa bututun da maƙeri ya haɗa ne ya gaji, ko kuma ranar tafin hannun ya ɗan cika. Ƙila ma wani ne ya yi masa sallama yana tsakiyar ɗuri, ya amsa, ya manta ya riga ya zuba.

Na ce masa takwas. Ya gyaɗa kai kawai, ya miƙo mini kaskon, ya ce in sa wayar a sama wajen matarsa. Na kai. Muka sake duba sikeli daga sifili, na sake aunawa, goma sha takwas, babu wanda ya yi tari. Aka haska tocila, aka ɗora kawunan harsashi, aka auna tsawo. Ya sa na rubuta komai a takarda na liƙa a akwatin, har kwanan wata. Mako mai zuwa za mu je fili mu gwada, ya ce zai nuna mini yadda ake karanta gindin kwanso a gane ko matsi ya yi yawa.

Abin da ke cina shi ne ban san ko akwai kuskure a cikin na farkon ba. Ya juye su ba tare da ya sake auna ko ɗaya ba. Ƙila duk daidai suke.

Azahar a gida. Uwargida ta ga akwatin ta ce, "Maigida, yinin nan duka harsashi goma sha takwas? Da kuɗin kayan nan ai an cika firiza da naman rago daga garin Dearborn na nan Mishigan, ba sanyi ba daji." Gaskiyarta. Duk wanda ya ce maka yana wannan aiki don rage kashe kuɗi, a shekarar farko dai ƙarya yake yi.

La'asar na tsaya da Malam a bakin masallaci, na sake tambayarsa abin da na riga na sani don in ji daɗi: bisimilla a lokacin harbi, in ka tarar da barewar da sauran rai ka yanka. Ya ce in Allah ya ba da sa'a kada a manta da shi, cinya yake so.

Auta ya zubar da madara a kan kafet. Motar tana wani ƙara a baya, ban duba ba. Kuɗin rufin Inna na tura.

Da na kira Yaya da yamma na so in tambaye shi, sai na kasa, muka yi ta maganar kwano da ƙusa. Bayan isha na zauna ina ƙoƙarin tuna hannun Kawu, sai na tarar ban ma san wane hannu ba ne. Ina ganin shi yana alwala, ina ganin butar, ina ganin inda fatar ta tattare ta yi sheƙi, amma dama ne ko hagu, ya ɓace mini. In hagu ne, wanda ke tallafe bututu ke nan, to bindigar ce ta fashe. In dama ne, ƙila yana cikin dannawa ta tashi. Shekara tara rabona da shi, kuma duk kiran da nake yi gaisuwa ce da "ya jiki, Kawu," shi ke nan.

Yanzu ƙarfe huɗu na asuba ne a can gida. Nan da sa'a ɗaya da 'yan mintoci zai fito alwala, wayar tana hannun ɗansa. Ban san yadda ake fara irin wannan tambaya ga dattijo ba, bayan shekara arba'in kowa ya yi shiru. Na dai sa wayar a caji, na ɗora ruwan shayi.