Koren ruwa, daga kududdufin layinmu har Wasai

Duk shekara idan zafin bazara ya kankama, wajen Maris zuwa Afrilu, sai kududdufin bayan layinmu ya koma kore shar, maƙwabta su yi ta tsine wa gansakuka. Ni dai ban ga laifinta ba. Abinci aka zuba mata, ta ci ta ƙoshi.

Na daɗe ina koyar da kimiyyar halittu a sakandare, kuma abin da nake gaya wa ɗalibai ke nan: gansakuka ba ta son komai sai rana, da ruwa mai ɗumi wanda ba ya gudu, da taki. Rana dai ba ma rasa ta a Kano. Takin kuwa, wato naitirojin da fosfaras, mu ne muke kai mata har gida: ruwan wanki da omo, ruwan wanke-wanke, kashin awaki, da masai ɗin da wasu suka sakar wa kwata. Kakanninmu sun haƙa waɗannan ramuka ne don ɗibar ƙasar gini, ruwan sama ya riƙa taruwa a ciki. Yanzu duk wata kwatar unguwa can ta nufa.

Wanda yake son ya ga aikinta, ya leƙa bayan sallar asuba. Za ka tarar da karfasa sun taso sama suna ta hangame baki, wasu sun riga sun juya ciki. Wani dattijon maƙwabcina ya taɓa tare ni a bakin masallaci, ya ce, "Malam, wallahi wani ne ya zuba guba." Na ce, "Alhaji, ba kowa, numfashi ne ya ƙare musu." Da rana gansakuka tana sakin iskar oksijin a ruwa, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, ga wadda ta mutu tana ruɓewa a ƙasa tana cinye saura. Kafin gari ya waye ruwan ya zama fanko. Tarwada ce kawai ko a jikinta, don ita tana iya tasowa ta shaƙi iskar waje. Shi ya sa duk ƙazantar ruwa ba ka rasa ta.

Koren ma iri-iri ne. Ka sa kara ka ɗago. Idan ya fito da zare-zare mai yauƙi, wannan da sauƙi. Idan kuwa karan ya fito kamar an tsoma shi a koren fenti, babu abin da ya rataya, to a kori yara da awaki daga wurin. Irin wannan yakan saki dafi mai taɓa hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. Wannan ne mutane suka fi yi mini musu a kai, don mun saba cewa wuta tana gyara komai.

Kududdufi ƙaramin alhaki ne idan aka dubi ƙoramar Jakara. Tana ratsa cikin birni ta gefen kasuwar Kurmi tana kwasar kwatocin unguwanni, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, masu lambu su ja da inji su ba latas da alayyafo a wajen Kwakwaci, abin da ya rage ya je ya kwanta a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. A can masunta suke kama kifi, wani kuma ya dawo mana kasuwa a ƙyafe. A kudancin gari, rafin Salanta yana kai ruwan majemun Sharaɗa cikin kogin Challawa, da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi. Shi kuromiyam ba ya sauya ruwa ya koma kore balle ka gane da ido, kuma ni shi ya fi ba ni tsoro. Kogin nan ne fa ake ja a tace mana a Challawa da Tamburawa. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suna riƙe ruwan daga sama, daga nan ya wuce Wudil, Haɗeja, Nguru inda kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ya bi kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Kogunanmu ba sa kaiwa teku, don haka abin da muka zuba ba ya yin nisa.

Yanzu a layinmu maganar da ake yi ita ce a cike kududdufin a huta da wari da sauro, wani ma har ya fara auna fili. Na gaya wa mai unguwa ba na goyon baya. Unguwannin da suka cike nasu, a watan Agusta a tsakar gida ruwa yake same su. Abin da na roƙa shi ne a fara da gidajen nan da masansu ke zuba a kwata, kowa ya haƙa nasa ramin, sannan a yashe kududdufin kafin saukar damina.