Inji uku a ƙasa, ɗaya a sama

Rokar farko da na zana da kaina, ba wadda ake saye a kwali da takardar haɗi ba, ta tashi sak kamar abin kirki. Ta kai ƙololuwa, ta ɗan yi jim, sai ta juyo da hanci ta dawo a guje ta kafe a ƙasa. Laimar da ke sauko da ita a hankali ba ta fito ba. Da na tono ta, gangar jikinta ta tattare kamar hannun rigar da aka naɗe, injin hawa na biyu kuwa yana nan sabo fil, ko ƙauri bai yi ba.

Kafin wannan rana na ɗauki lokaci ina harba masu inji ɗaya, har na soma ganin na iya. Ƙananan rokokin nan da kwali da katakon balsa da roba ake yin su, injinsu kuma saye ake yi, ba a haɗa shi a gida. Kowane inji da lambarsa. Misali a lambar C6-5, harafin yana nuna jimillar ƙarfin da ke ciki, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: A ya tsaya a 2.5, B a 5, C a 10, D a 20, a ma'aunin niyuton-sakan. Lamba 6 matsakaicin turawarsa ce. Lamba 5 kuwa sakan nawa zai jira bayan albarushinsa ya ƙare kafin ya harbo laima. Wanda ya ƙare da sifili, kamar C6-0, ba ya jira kuma ba ya harba laima. Wutarsa na cinye albarushin sai ta ɓullo ta sama, ta watsa tartsatsi cikin bakin injin da aka ɗora masa. Da haka ake yin roka mai hawa biyu ba tare da wata na'ura ba.

Ni kuwa zalama ta sa na haɗa abu biyu lokaci guda, dami (wato kunna inji da yawa tare) da hawa. Na jera C6-0 guda uku a layi ɗaya a hawan ƙasa. Na tsakiya na haɗa shi baki da baki da injin sama, na gefe biyun na huda musu ƙofofin da wutarsu za ta fice waje. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya karɓi gawar rokar, ya zaro injunan ɗaya bayan ɗaya. Na gefe biyu sun ƙone ƙurmus, na tsakiya bai kama ba. Ya ce, "Yaro, da me ka kunna?" Na nuna masa ɗan akwatin da na saba da shi, mai ƙananan batura huɗu, bolt 6. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai na ashana ɗaya ne, kai ka ba shi uku." Na ce, "Baba, ai biyu sun kama." Ya ce, "To su ne suka kashe ka."

Sai da na kwana a kai na gane maganarsa. Ashanar lantarkin da ake cusawa a bakin inji siririyar waya ce da take yin ja idan wuta ta bi ta. Idan an haɗa uku gefe da gefe, wutar batir rabuwa take yi, kuma idan ba ta wadata ba, wata za ta riga wata zafi. Na gefen sun riga da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, rokar ta motsa, ta bar ashanar tsakiya a ƙasa. Da ɗaya daga na gefen ne ya ƙi, da rokar ta karkace kowa ya ga matsala. Amma da yake biyun da suka kama sun daidaita juna, sai ta tashi sak, ta yaudare ni har ƙololuwa. Kuskuren ma ba na batir kaɗai ba ne, na zane ne. Laima tana jiran injin sama, injin sama yana jiran na tsakiya shi kaɗai. Na rataye ran rokar gaba ɗaya a kan zare guda.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne manya ma sun sha wuya a hannun dami. Rokar N1 ta Tarayyar Sobiyet inji 30 gare ta a hawan farko, an harba ta sau huɗu tsakanin 1969 da 1972, ba wadda ta kai labari. Saturn V ta Amurka da manyan inji biyar ta yi nata aikin. Tawa dai kwali ce, asarar ba ta wuce gam da haƙuri ba.

A zane na biyu na bar jeri na koma murhu. Injunan nan faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 70, kuma uku suna shiga daidai cikin bututu mai faɗin kusan milimita 41 idan an yi musu zaman duwatsun murhu. Amfanin haka biyu ne. Kowannensu yana kusa da tsakiyar rokar, don haka ko ɗaya ya ƙi, karkatar ba ta yin muni sosai. Sannan na sa dukkansu su buɗe cikin ɗaki ɗaya, na yi masa mazurari da kwali mai kauri wanda ya tattara wutar zuwa bakin injin sama. Duk wanda ya fara ɓullowa ya wadatar.

Nan ne na koyi abin da ya fi ba ni mamaki. Idan akwai tazara tsakanin injin ƙasa da na sama, iskar da ke ɗakin ita wutar take fara turawa, kuma matsin nan yana iya cire hawan ƙasa kafin tartsatsi ya isa inda ake so. Maganinsa 'yan huji ne a jikin bututun, dab da bakin injin sama, iska ta samu mafita, zafi ya biyo bayanta. Mutum zai ɗauka huda ɗakin rage ƙarfi ne, alhali shi ne yake ja wa wutar gora. Masu haɗa inji baki da baki ma matsalarsu ke nan, shi ya sa suke zagaya mahaɗar da salatif falle ɗaya tak, ya riƙe su na ɗan lokacin da na sama zai kama. Falle biyu ya yi yawa, hawan ƙasa sai ya ƙi sauka wutar na sama ta babbake shi.

Batun daidaito kuwa, roka mai hawa biyu roka biyu ce, kowacce da lissafinta. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaban cibiyar matsin iska, wato inda turin iska yake tattaruwa a jikin rokar, da aƙalla faɗin jikin rokar sau ɗaya, kuma sai an duba wannan tana haɗe, a sake dubawa hawan sama yana shi kaɗai. Inji huɗu a gindi suna jan nauyi baya sosai, don haka fukafukan ƙasa sai sun yi girma. Lissafin gano cibiyar matsin iska da injiniya James Barrowman ya fitar a shekarun 1960 shi ake bi har yau, manhajar OpenRocket ta kyauta tana yi wa mutum shi a kwamfuta. Duk da haka ban daina ɗaura mata igiya a cibiyar nauyi ina wulwula ta ba, don na fi yarda da abin da idona ya gani. Manyan fukafukai kuma suna da nasu sharri: roka mai su tana son juya hanci ta fuskanci iska, kuma idan injin sama ya kama tana karkace, a kwance za ta tafi. Ƙa'idar NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta Amurka, wadda G. Harry Stine da Orville Carlisle suka kafa a 1957, ta hana harbi idan iska ta wuce kilomita 32 a awa. Ni da mai hawa biyu ko rabin haka ba na yarda.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Batir mai bolt 12 da waya mai kauri. Kowace ashana na gwada ta ita kaɗai kafin na haɗa su, na danna ta har ta taɓa albarushi, na toshe ta da kyau. 'Yan kilif ɗin da ke haɗa wayar batir da ashana na goge su da sanfefa, don baƙin hayaƙin da ke kansu yana cin wuta. Sandar harbi, wadda rokar ke bi a farkon tashinta, na ƙara mata tsawo. A sama na sa C6-7 maimakon C6-5, domin hawan sama yana kamawa ne yana cikin gudu, tafiyarsa bayan wuta ta mutu ta fi tsawo, laimar da ta fito da wuri kuwa yagewa take yi. Hawan ƙasa ba ya buƙatar laima, da zarar ya rabu sai ya riƙa wuntsila-gudi-gudi yana saukowa a hankali.

Ranar gwaji na ja da baya fiye da mita 9, na ƙirga daga biyar. Na danna, shiru. Hannuna ya so ya kai ni wurin, dattijon ya riƙe mini kafaɗa. Ƙa'ida ita ce a cire makullin akwatin kunnawa a jira sakan 60. Ashe kilif biyu ne suka taɓa juna. Na raba su, na sake ƙirgawa. Wannan karon harsunan wuta uku suka fito tare, ƙarar ma daban take da ta inji ɗaya, ta fi kauri. Ba a yi sakan biyu ba sai muka ji tas, hawan ƙasa ya faɗo yana juyi, na sama ya ƙara wuta ya zama ɗigo, sannan ya ɓace mana. Can sai wani ya nuna laima ja, ƙarama kamar ƙwayar ido, iska tana tafiya da ita.

Hawan ƙasa na tsince shi taku kaɗan daga inda muka harba, injunansa uku duk sun ƙone, mazurarin ya yi baƙi amma bai huje ba. Na sama sai da na yi tafiyar fiye da rabin awa kafin na same shi rataye a reshe. Wadda nake ginawa yanzu ba laima zan sa mata ba, dogon ƙyalle ne mai sheƙi, ya sauko da ita da sauri kafin iska ta yi gaba da ita.