Hayar sifika da samari uku masu jita

Shagona yana wajen Farin Gada a Jos, sana'ata kuma hayar kayan sauti ce: sifiku, miksa (na'urar haɗa sautuka da daidaita su), amfilifaya, makirfo da janareto biyu. Abin da ke ciyar da gidana biki ne, sai wa'azi, taron coci da gangamin siyasa idan lokacinsa ya zo. Aikin biki ba shi da wuya. Ka jera sifiku, mai saka waƙa ya jona kwamfutarsa, ka ƙure murya, ka nemi kujera ka jira shinkafa. Shekaru na yi a haka, har na ɗauka na gama sanin sauti.

Wata rana samari uku suka shigo, ɗaya rataye da jita. Kiɗan rok suke yi: mai jita, wanda shi ne mawaƙin, mai bes, wato jitar nan mai igiya 4 da murya kamar ta bajimi, sai mai gangunan bature. Ba kamfani a bayansu, ba manaja. Mai bes ɗin ne ma'aji, asusun kuwa aljihun jakar jitarsa. Biyu a coci suka koyi kiɗa, kamar makaɗan garin nan da yawa. Mai gangunan Bahaushe ne ɗan Gangare, a YouTube ya koya, yana dukan bokiti da robar fenti har maƙwabta suka kai ƙararsa wajen mahaifinsa.

Ranar wasansu na farko da kayana na sha mamaki. Awa 3 kafin taro suka iso. Mai ganguna ya ce, "Oga, don Allah a samo mini filo." Na zaci barci zai yi. Ashe cikin babbar gangar da ake takawa da ƙafa zai cusa shi, don dukan ya fito a dunƙule, ba amsa-kuwwa. Muka sa makirfo a bakinta, yana takawa ina murɗa miksa, yana girgiza kai, sai da muka kusan minti 40 a kan ganga ɗaya. Daga nan mai jita ya ɗaga hannu: "Oga, akwai ƙudan zuma a layina." Gaskiyarsa. Wani zuuu ne da ya daɗe a kayana, hayaniyar biki ke rufe shi. Jitar lantarki kuwa ba ta rufa wa kowa asiri, duk dattin wuta sai ta kwaso. A ranar na koyi raba wayar fitilu da wayar sauti, na kuma kafa wa janareto ƙarfe a ƙasa.

Abin da na gane shi ne, mutum uku ba su da wurin ɓuya. Ƙungiya mai mutum goma, idan ɗaya ya kauce, piyano ko 'yan amshi za su lulluɓe. Su kuwa da zarar mai jita ya bar rakiya ya shiga jan igiya shi kaɗai, bes da ganga ne ke riƙe da waƙar. In na bar bes ya nutse a miksa, sai ka ji wurin fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Mu da muka tashi muna jin Ɗan Maraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, amma dai sai da yaran nan suka tuna mini.

Disambar bara sun yi wasa a wani lambu a Rayfield. Wanda ya san sanyin Jos ya san me nake nufi. Igiyoyin jita suna ta sauka daga saiti, bayan kowace waƙa biyu sai an gyara, mai jita yana ɗumama yatsu a jikin kofin shayi. 'Yan kallo ba su fi 60 ba, duk cikin rigunan sanyi, amma da aka shiga wata waƙarsu ta Hausa sai ga kowa a tsaye yana amshi. A daren ƙaramar sifikata ɗaya ta ƙone, laifina ne, na kai makirfo kusa da ita ta yi ƙara.

Maganar kuɗi kam, ba a cewa komai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wani lokacin kuɗin ƙofa ko fetur ba ya saya. Muka daidaita: su sayi mai, su biya motar kaya, abin da ya rage mu raba huɗu. An taɓa ba ni kasona, na sayi tsire a hanya, ya ƙare. Uwargida ta ce wannan ba sana'a ba ce, son zuciya ne, ban kuma yi mata musu ba.

Asabar mai zuwa ina da biki a Bukuru, su ma suna da wasa a ranar. Manyan sifiku da yarona za su tafi Bukuru. Miksa mai kyau da filon suna motata.