Gaɓar 한 Da Ta Ci Mini Kwana Biyu

A bara aka damƙa mini aikin haɗa jeri biyu na sunayen kayan gyaran mota da ake shigowa da su daga Koriya ta Kudu, kuma ko da yake ban iya karatun harshen ba, aikin bai wuce in gano sunayen da suka zo ɗaya ba. Na rubuta ɗan gajeren shirin kwamfuta domin ya kwatanta su, sai ya ce mini babu sunan da ya dace da ɗan'uwansa, alhali kuwa ga su a allo ina kallo, kamar an tsaga kara.

Kwana biyu na yi ina zargin shirin nawa, kafin dabara ta faɗo mini in ƙirga bayit ɗin da gaɓa guda ta ci, wato ma'aunin gurbin da rubutu ke ci a kwamfuta. A jeri na farko, gaɓar 한 ta ci bayit 3 a tsarin ajiye rubutu na UTF-8, a na biyu kuwa ta ci 9.

Dalilin yana cikin yanayin rubutun Koriya, wato Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Ba a jera haruffansa ɗaya bayan ɗaya kamar boko. Ana tattara baƙin farko da wasali da baƙin ƙarshe a cikin gida guda, wato gaɓa. Saboda haka Unicode, tsarin da ke bai wa kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya buɗe ƙofa biyu. Ana iya ajiye 한 da lamba ɗaya, U+D55C, ana kuma iya ajiye ta da lambobi uku, U+1112 da U+1161 da U+11AB, kwamfuta ta harhaɗa su lokacin nunawa. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin da ke ƙarƙashin lamba ɗayar. Akwai baƙaƙen farko 19, wasula 21, da matsayin ƙarshe 28 idan an haɗa da gaɓar da ba ta da baƙin ƙarshe, abin da ya ba da gaɓoɓi 11,172, an jera su daga 44032. Na gwada da alƙalami: idan an fara ƙirga daga sifili ㅎ yana matsayi na 18, aka ninka da 588 (wato 21 sau 28) ya ba da 10584, wasalin ㅏ sifili ne, ㄴ na ƙarshe kuma 4, idan an haɗa da 44032 jimla 54620, wadda ita ce D55C daidai a salon rubuta lambobi na Unicode.

Gyaran bai wuce layi ɗaya ba, domin na mayar da jerin biyu zuwa haɗaɗɗen tsarin da ake kira NFC kafin kwatance, kuma tun daga ranar ban sake amincewa da idona a kan rubutun da ban ƙirga ba. Hausa ma ba ta tsira ba, tunda wasali mai alamar karin sauti irin à yana da hanya biyu, ko da yake ƙ lambarsa ɗaya ce, U+0199.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Na nemi sunayen da suka fara da ㅎ ban samu ko ɗaya ba, saboda ㅎ mai zaman kansa U+314E ne, na farkon gaɓa U+1112, na ƙarshenta U+11C2, kuma NFC ba ya mayar da wani zuwa wani. Sai na koma ga lissafin: in cire 44032 daga lambar gaɓa, in raba da 588, in bar ragowar, in ajiye duk wadda ta ba da 18.